Yadda Ake Kai Yara Hutu Kano Daga Maradi, A Dawo Da Su Cif

Na fi shekara goma ina bin hanyar Kano, ina saro atamfa da shadda a Kantin Kwari ina kawowa Maradi. Na san hanyar kamar yunwar cikina, ko dai haka nake zato, har ranar da na kwashi yara biyar a babban hutun lakwal na bi ta da su: huɗu nawa, ɗaya ɗan ƙanena. Tafiyar da nake yi ni kaɗai in yi la'asar a Kano, ran nan sai a Katsina muka kwana. Mun sake komawa bayan nan, kuma tafiya ta biyu ta yi daɗi, saboda haka ga abin da zan gaya wa duk uwar da ke shirin wannan hanya.

Fara da takardu, wata guda kafin tafiya. Ke da maigida kowa da katin shaidarsa ko fasfo wanda bai mutu ba. Kowane yaro da takardar haihuwarsa, ki yi mata hoto biyu, ki sa na ainihi a leda cikin jakar da ba ta barin kafaɗarki. Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Ana yi wa yaro allurar tun yana wata 9, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guda ɗaya ta isa har ƙarshen rai, amma katin ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allurar. Wadda ta bari sai ana gobe tafiya ta makara. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar kuma ta ce za a ci gaba da karɓar takardun mutanenmu har zuwa wata sanarwa. Irin wannan magana takan sauya, don haka ki leƙa ofishin ƴan sanda ki tambaya a satin da za ku tashi. Wadda ta ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, ba sai an ja mata kunne ba.

Takardar da ta kwantar da mu Katsina ita ce wadda ban ma san da ita ba. A bakin iyaka jami'i ya jera takardun haihuwa a kan tebur, ya ga huɗu da sunan uba ɗaya, ta biyar da wani suna daban. Ya ɗago kai.

"Hajiya, wannan fa ɗan wa ne?"

"Ɗana ne, ranka ya daɗe. Ɗan ƙanena."

"To ina shaidar uban ya yarda ki fita da shi?"

Na ce a tambayi yaron. Shi kuwa ya riƙe zanena gam yana "Gwaggo, mu koma gida." Ban ga laifin mutumin ba, aikinsa yake, ana safarar yara a waɗannan hanyoyi. Sai da na kira ƙanena ya hau kabu-kabu daga Maradi ya zo da katinsa, sannan aka sake mu, rana ta riga ta yi. In za ki tafi da ɗan wani, ko da naki ne amma ba tare da ubansu ba, uban ya rubuta takardar izini, a buga mata hatimin hukuma, ki haɗa da hoton katinsa. A gidanmu ɗan ƙane ɗa ne, a kan teburin iyaka sunan da ke takarda ake karantawa.

Hanyar kanta ba wani tsawo gare ta ba. Maradi zuwa Dan Issa, a tsallaka Magama ta Jibiya, a shiga Katsina, wajen kilomita 90 ke nan. Daga Katsina zuwa Kano kuma wajen 170. Abin da ke cin lokaci shingaye ne da jiran mota ta cika. Ku fita bayan sallar asuba. Yankin Jibiya ya sha fama da ƴan bindiga, ba na bin sa da yamma ko ni kaɗai balle da yara, kuma ana gobe tafiya nakan je tasha in tambayi direbobin da suka dawo ranar yaya hanya take. Su ne rediyon gaskiya. In aljihu zai ɗauka, ku sayi kujerun baya duka. A tafiyar farko na yi rowar kuɗin kujera ɗaya na ɗora auta a cinya, muka isa ƙafata ba ta jin ƙasa. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maradi, an aza harsashinsa a 2021. Ranar da jirgi ya fara tafiya ni ce ta farko a layi.

Guzuri ya zama busasshe: biredi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, ruwa mai yawa. Kada ki ba yaro fura da nono da safen tafiya, na gwada, rigar wani bawan Allah da ke gabanmu ce ta biya. Ki sa ledoji da tsumma da kayan canji ɗaya na kowane yaro a saman jaka, ba can ƙasa inda aka ɗaure a but ba. Babban hutu a damina yake faɗowa, lokacin zazzaɓin sauro, saboda haka gidan sauro yana cikin kaya ko da gidan ƴan'uwa za a sauka, da maganin zazzaɓi na ruwa da garin gishiri da sukari na gudawa. In ana zagayen ba ƴan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin masassara a unguwarku, ki daidaita tafiyar kada ta ci zagayen.

Kuɗi kuma, ki canza kaɗan a nan don mota da ruwa, sauran a Kano. Ƴan canji suna Wapa, a Fagge, amma in ba ki saba ba ki tafi da ɗan gari. Takardar naira mafi girma ta 1,000 ce, mu kuwa muna da ta jika goma, don haka ƴan takardun da kika miƙa za su dawo miki dami guda. Ki raba shi wuri uku. Layin waya na Najeriya ba ya samuwa sai an yi rajista da takardun shaida, to ko ki buɗe wa layinki na gida hanyar aiki a waje, ko masu masauki su ara miki. Wani ƙaramin abu da ya ba ni haushi: bakin wutarsu mai ƙafa uku ne masu kusurwa, cajarmu mai ƙafa biyu zagayayyu. Ki sayi mahaɗi tun a kasuwar Maradi.

Da aka isa, wuri ɗaya a rana. Ɗaya tak. A karon farko na so in nuna musu Kano duka cikin kwana uku, muka ƙare da kuka da zazzaɓi. A na biyu auta ce ma'aunina: in ta fara jan ƙafa, an tashi. Ranar farko gidan zu na Audu Bako, da safe kafin rana ta yi zafi dabbobi su shige inuwa. Rana ta biyu Gidan Makama, gidan tarihi da ke kusa da fadar Sarki, ginin da ake danganta shi da zamanin Muhammadu Rumfa, ƙarni na 15. Na zaci za su gaji, sai ga babban ɗana ya tsaya gaban tsoffin ƙyamaren ƙofofin gari ya ƙi motsi. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take aiki, ta fi burge ƴan matan. Wani dattijo ya tsoma farin ƙyalle a ramin baba ya ɗago shi kore-kore, suna kallo iska ta mayar da shi shuɗi, babbar ɗiyata ta ce sihiri ne. Ya yi dariya ya ce, "A'a jikata, baba ce da toka da haƙuri." Ki tanadi ɗan abin da za ki ba su, ba a kallon aikin mutum a tafi hannu rabbana.

Dutsen Dala ku hau shi da sanyin yamma, ki riƙe hannun ƙanana a matakala. Da na ce wa auta ga Dala, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Mama, duk wannan dala ɗaya?" Ita a saninta dala kuɗin alewa ce.

Kasuwar Kurmi da Kwari ba wurin yara biyar ba ne. In dole ne, manya biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Na ɗinka musu riguna daga atamfa ɗaya don in hango su cikin taro, na rubuta lambar yayata da ke Kano da sunan unguwarta a takarda na sa wa kowa a aljihu, na kuma sa suka haddace. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano tun 2013, adaidaita sahu za ku hau. Ki yi ciniki kafin kowa ya shiga, ki sa yara a tsakiya. Kuma, ƴar'uwa ƴar kasuwa, kada ki haɗa hutu da sari. Dila uku da yara biyar a gaban duwan ba hutu ba ne.

A dawowa ki ware wa Katsina rabin yini da gangan, ku yi sammakon wucewa washegari. Ki kai su hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa na ɗaruruwan shekaru, ki gaya musu daga garin nan sarakunanmu suka taso bayan jihadi a farkon ƙarni na 19 suka kafa Maradi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maradi. Nawa sun ji wannan a lakwal bai zauna ba, a gindin hasumiyar ya zauna. Ɗan ƙanena, wanda wannan karon takardar izininsa ke cikin jakata da hatimi biyu, ya tambaye ni ko ke nan mu ma ƴan nan ne. Na ce masa ya tambayi kakarsa in mun isa gida, ita ce za ta ba shi labarin har ya gaji. Muka shiga Maradi kafin azahar, na ƙirga su a bakin ƙofa, biyar, sai takalmin auta ɗaya da ya zauna a Kano.