Yadda ƙungiyar besbol ke cin kasuwar 'yan wasa a tsakiyar kaka

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, da ya ji an ce an ɗauki sabon ɗan wasa, tambayarsa ta farko ita ce nawa aka biya. A babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, ciniki ba haka yake tafiya ba. Ba ni gishiri in ba ka manda ake yi: ka ba da mutum a ba ka mutum, kwantiraginsa da ragowar albashinsa su biyo shi. Ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 162 a kaka, kasuwar kuma tana tashi ne a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. A 2025, ranar 31 ga Yuli aka rufe. To, a ce kai ne babban manajan ɗaya daga cikinsu, ga yadda za ka bi.

Mataki na farko, ka gaya wa kanka gaskiya: mai saye ne kai ko mai sayarwa? Tun 2022 ƙungiyoyi 12 ke shiga wasannin fitar da gwani, don haka kusan kowa yana ganin kamar yana da rabo, kuma nan ne mutane ke yaudarar kansu. Dubi Los Angeles Angels a 2023. Kwantiragin tauraronsu Shohei Ohtani yana ƙarewa, da sun sa shi a kasuwa da sun kwashi matasa masu daraja. Suka riƙe shi, har suka ƙaro Lucas Giolito, mai jifa, wato ɗan wasan da ke wurga wa mai bugu ƙwallo. Agusta na kamawa ƙungiyar ta rufta, suka saki Giolito kafin watan ya ƙare, Ohtani kuwa ya koma Dodgers a Disamba kan dala miliyan 700. Ba tsuntsu ba tarko.

Na biyu, in ka tabbata saye za ka yi, ka nemo inda jirginka ke yoyo, kada ka bi babban suna. A Yulin 2021 Atlanta Braves ta rasa tauraronta Ronald Acuña Jr. bayan ya ji ciwo a gwiwa, wasannin da ta faɗi kuma sun fi waɗanda ta ci. Manajansu Alex Anthopoulos bai je neman wani tauraro guda ya maye gurbinsa ba. Mutum huɗu ya tattaro da araha: Joc Pederson, Adam Duvall, Eddie Rosario da Jorge Soler. Rosario ne ya zama gwarzon zagayen kusa da na ƙarshe, Soler kuma gwarzon World Series, wato zagayen ƙarshe na cin kofin gasar, Atlanta ta ɗaga kofi. A ganina wannan cinikin ya fi kowanne cancantar a koya, domin bai taɓa manyan matasan da yake reno ba.

Na uku, ka tantance ɗan haya kake so ko mai zama. Ɗan haya shi ne wanda kwantiraginsa zai ƙare da ƙarewar kaka, wata biyu ko uku kawai za ka more shi. Wanda kuwa bai cika shekara shida a babbar gasa ba, ba shi da ikon tafiya inda yake so tukuna, shi ya sa sayensa ke tsada. Da Washington ta ba San Diego Juan Soto a 2022, yana da sauran kaka biyu bayan waccan, sai da ta karɓi tarin 'yan wasa, cikinsu har da CJ Abrams, MacKenzie Gore da James Wood.

Na huɗu shi ne mai zafin: me za ka bayar? Kuɗin wannan kasuwa su ne yaran da kake reno a ƙananan rukunai, waɗanda ba ka san abin da za su zama ba. A 2016 Chicago Cubs ta ba Yankees matashi Gleyber Torres da wasu, ta karɓi Aroldis Chapman, mai jifan rufe wasa, ɗan haya. Suka ci World Series karon farko tun 1908. Chapman ya koma Yankees da kaka ta ƙare, amma wa zai ce Cubs ta yi asara? Sai ka juyo ga Detroit a 1987. Ta karɓi Doyle Alexander daga Atlanta, ya ci mata wasa tara bai faɗi ko ɗaya ba, ta zo ta ɗaya a rukuninta. Yaron da ta bayar, wanda a lokacin ba a san shi ba, shi ne John Smoltz, da ya yi kusan shekara ashirin yana jifa wa Atlanta har aka sa shi a zauren gwanaye a 2015. Detroit ba ta kai World Series ba a shekarar. Saboda haka kafin ka ɗaga waya, ka rubuta sunan yaro biyu ko uku da ko an roƙe ka ba za ka saki ba, ka kuma saurari masu sa ido da suka ga wasansu da idonsu.

Na biyar, takardu. Ka lissafa albashi, domin wanda ya haura iyakar da aka sa, dala miliyan 241 a 2025, zai biya haraji. Jerin 'yan wasanka na mutum 40 ne, in ya cika ka shigo da wani dole wani ya fita. Likitocinka su duba bayanan lafiyarsa, musamman kafaɗa da gwiwar hannun mai jifa. Sannan ka bincika ko yana da ikon ƙin tafiya: wanda ya shekara goma a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, sai da yardarsa.

Na ƙarshe, lokaci. Wanda ya yi sammako yana biyan tsada amma yana morewa. Milwaukee ta ɗauki CC Sabathia tun farkon Yulin 2008, ya ci mata wasa 11, ya kai ta wasannin fitar da gwani karon farko tun 1982. Wanda ya jira ranar ƙarshe zai iya samun rahusa, zai iya kuma tarar da kasuwa ta watse. A da akwai ƙofar baya a Agusta, wato hanyar yin ciniki ko bayan an rufe kasuwa, ta nan Houston ta shigo da Justin Verlander a daren 31 ga Agustan 2017, ana saura 'yan mintuna, bayan ya amince ya bar Detroit. Tun 2019 an toshe wannan ƙofa. Yanzu da agogo ya buga ƙarfe shida na yamma a New York ranar rufe kasuwa, sai dai ka ɗauko yaro daga ƙananan rukunanka ko ka tsinci wanda wata ƙungiya ta saki.