Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura manifol a inji mai turbo

Manifol ɗin salansa shi ne ƙarfen nan mai rassa da ke manne a gefen hed, wato kan inji, yana tattara hayaƙin da kowace silinda ta fitar ya haɗa shi wuri ɗaya. A motar da ba ta da turbo, in ya ɗan yi yoyo, ƙara da wari za ka fi sha. A mai turbo kuwa, wannan hayaƙin shi ke juya farfelar turbo, na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi, farfelar kuma tana wuce juyi 100,000 a minti ɗaya. Duk hayaƙin da ya zille kafin ya isa farfela, ƙarfin mota ne ya tafi a banza. Ga kuma zafi: a injin fetur hayaƙin yana kaiwa digiri 900, a na dizal irin 2KD da 1KD na Toyota Hilux yakan tsaya wajen 600 zuwa 700 idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu.

Daga wannan zafin ne akasarin kurakuran ke tasowa. Manifol mai tsawon santimita 40 yana iya ƙara milimita 2 zuwa 3 idan ya yi zafi sosai, ya kuma koma yadda yake in ya huce. Kullum cikin motsi yake. Shi ya sa za ka ga ramukan ƙusa na gefe-gefe sun fi na tsakiya faɗi: an bar masa wurin miƙewa ne. Bakaniken da ya manta da wannan, sai ya ɗaure shi kamar yana ɗaure notin taya.

Ɓarnar takan fara tun wajen kwancewa. Notin da ya shekara yana shan wuta ya yi tsatsa, yaro ya zura wa sifana dogon bututu ya taka, sai ka ji "ƙas", ƙusa ta karye a cikin hed. Hed ɗin yawancin waɗannan injina na alminiyam ne, ƙusar kuwa baƙin ƙarfe, don haka in aka zo huda ta da diril, bakin diril ɗin ya fi son zamewa ya ci alminiyam. Aikin yini guda ya zama na mako. Abin yi shi ne a fesa man sassauta tsatsa irin WD-40 tun da daddare, a bar inji ya huce sarai, a riƙa juya notin gaba kaɗan baya kaɗan. In ya ƙi, a gasa notin da wuta. Idan kuma ta riga ta karye, a kira mai walda ya ɗora noti a kan guntun ya yi masa walda. Zafin waldar kansa yana taimakawa wajen sakin ta. Ramin da tiredinsa ya cinye, a sa masa helikoil, wato naɗaɗɗiyar waya da ke zama sabon tiredi a cikin ramin, kada a cusa ƙusar da ta fi shi girma.

Sai batun fuska. Mutane kan sayo manifol ɗan Kwatano a Ƙofar Ruwa ko Panteka, su goge shi da tsumma su ɗaura. Tsohon manifol yakan lanƙwashe ba tare da ido ya gani ba. Ɗora masa ƙarfen awo miƙaƙƙe a kan fuskar, ka haska tocila ta baya. In haske ya ratso, ka gwada da fila gej, siraran fallayen ƙarfen nan na auna rata. Ratar da ta wuce abin da littafin motar ya yarda da shi, sai an kai shi an goge a inji. Ka kuma duba mahaɗar rassan da bakin da turbo ke zama, nan ne tsagewa ke ɓuya, siririya kamar gashi, sau da yawa da ɗan baƙin kunkunniya a gefenta. Walda a kan ƙarfen zubi tana yiwuwa, amma sai an gasa shi gaba ɗaya tukuna, an kuma bar shi ya huce a hankali. Wadda ake yi a bakin titi cikin minti goma, a ganina, asarar kuɗi ce.

Gasket kuwa, wato fallen da ke toshe tsakanin manifol da hed, sabo ake sawa, na ainihi mai falle-fallen ƙarfe. Tsoho ya riga ya danne, ba zai sake tashi ba. Kuma a daina shafa masa jan gam. Gam ɗin silikon, ko mai jure zafin ne, iyakarsa wajen digiri 300 da ɗoriya. A nan ƙonewa zai yi ya zama gari, garin ya bi ta cikin turbo, wani irin ma ya kashe sensar iskar oksijin. Wasu gasket ɗin suna da gaba da baya, ka duba alamar da ke jiki.

Wajen ɗaurewa aka fi nuna ƙarfi inda awo ake buƙata. Kada ka fara daga gefe ɗaya ka bi layi zuwa ɗaya gefen, yin haka na tura lanƙwasa zuwa ƙarshe. Ka ɗora duk notin da hannu tukuna, sannan ka fara daga tsakiya kana fita waje, hagu da dama, sama da ƙasa, zagaye biyu ko uku, kana ƙara ƙarfi kowane zagaye. Na ƙarshe da sifanar awo ake yin sa. Ƙusa mai kaurin milimita 8 sau da yawa tsakanin Nm 20 da 30 take buƙata (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri a sifanar awo), wanda bai kai abin da hannun ƙato ke ɗauka ya isa ba. Notin da aka yi don wannan wuri na musamman ne, mai kulle kansa, galibi da ruwan jan ƙarfe a jiki. Na shagon kayan gini ko mai roba a ciki ba su da aiki a nan. Ɗan man jan ƙarfe a tiredi zai sauƙaƙa wa wanda zai kwance nan gaba, sai dai ka sani tiredi mai maiƙo ya fi saurin ɗauruwa fiye da kima, don haka ka bi abin da littafi ya ce.

Akwai biraket da ke tallafe turbo daga jikin inji. Yana da wuyar kaiwa, shi ya sa sau da yawa ake ganin sa a ƙasa bayan an gama aiki, a ce ai ba shi da amfani. In babu shi, nauyin turbo da jijjigar bututun salansa duk a wuyan manifol suke rataya, kuma a hanya mai gargada ba zai daɗe ba zai tsage. Haka ma farantin da ke kare zafi: cire shi na nufin gasa wayoyi da robobi, wani lokaci har da bututun man birki.

Kafin ka ɗora turbo, ka leƙa cikin manifol. Guntun tsohon gasket, wosha, ko tsumman da aka toshe rami da shi aka manta, kowanne ya isa ya kakkarya farfela a tashin farko. Bututun da ke kai baƙin mai cikin turbo a duba shi, don mai kan ƙone ya daskare a ciki. A sa sabbin woshar jan ƙarfe. Bututun da ke mayar da man cikin inji kuma dole ya gangara ƙasa ba lanƙwasa, domin da nauyinsa man ke sauka. In ya toshe, za ka ga shuɗin hayaƙi ka zargi turbo alhali lafiyarsa lau. Zuba ɗan mai a ramin shiga, ka juya farfelar da yatsa, sannan in an tayar a bar inji a silo na 'yan mintuna, ba a taka totur ba.

Af, wasu sabbin injina ba su da manifol na daban. Na Honda mai lita 1.5 da turbo, wanda ya zo a Civic ta 2016, a cikin hed aka zuba nasa, turbo kai tsaye yake manne da hed. Ka tabbatar da irin injinka kafin ka aika kasuwa.

Bayan mota ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku, a dawo da ita a sake bin notin da sifanar awo, inji na sanyi. Da sassafe ka tayar ka kasa kunne: ƙarar "tas-tas-tas" da ke ɓacewa in inji ya ɗumama, alamar yoyo ce da zafi ke rufewa. In kuma direba ya ce yana jin warin hayaƙi a cikin mota ko ciwon kai a doguwar tafiya, kada a bar ta ta fita, don hayaƙin na ɗauke da iskar kabon monoksaid mai kisa.