Yadda Nake Ciyar da Ƙwayoyin Hanjina Don Su Rage Mini Yunwa

Na daɗe ina ɗauka cewa yunwar da ke taso mini awa biyu bayan cin abinci rashin haƙuri ne kawai, har sai da na karanta aikin Farfesa Jeffrey Gordon na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka. A 2013 shi da ɗalibansa suka samo tagwaye mata, a kowane biyu ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, suka ɗebi ƙwayoyin da ke hanjinsu, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, suka dasa wa ɓerayen da aka raina ba tare da ko ƙwaya ɗaya a cikinsu ba. Abinci iri ɗaya ɓerayen suka ci, amma waɗanda suka karɓi ƙwayoyin masu ƙiba sun fi tara kitse.

Abin da ya fi kama ni shi ne na gaba. Da aka haɗa ɓerayen a keji ɗaya, ƙwayoyin sirara sun shiga hanjin sauran, suka hana su yin ƙiba. Sai dai hakan ya faru ne lokacin da abincinsu ya wadata da kayan lambu da 'ya'yan itace, kitse kuma kaɗan. Da aka ba su abinci mai maiƙo maras ganye, ƙwayoyin kirki sun kasa zama. Daga nan na fara, kuma daga nan nake so ka fara.

Ka fara da faiba, wato sashen abincin da cikinka ba ya iya narkarwa, irin dusar hatsi da ɓawon wake. Shi ke isa babban hanji, ƙwayoyin su ci, su fitar da wasu sinadarai, daga ciki akwai propionate. Wannan ne ke sa bangon hanji ya saki sinadaran GLP-1 da PYY, masu kai wa ƙwaƙwalwa saƙon an ƙoshi. Rukunin Farfesa Gary Frost a Imperial College da ke Landan sun gwada haka a kan mutane 60 masu nauyin jiki: aka ba wasunsu giram 10 na wani haɗin propionate kullum har mako 24, kuma waɗanda suka sha sun fi sauran tsira daga ƙara nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana. Kofi ɗaya na dafaffen wake ya wuce giram 10, ka ga an kusa rabin hanya.

Kada ka yi gaggawa. Ni na yi, na kwana uku da kumburin ciki da iska. Ƙwayoyin suna bukatar lokaci kafin masu cin faiba su yawaita. Ka ƙara abu ɗaya a mako: wannan makon wake, na gaba ka musanya farin burodi da na cikakkiyar alkama, sannan ganye a kowane abinci. Ka riƙa shan ruwa sosai.

Ka kuma riƙa sauyawa, don kowane jinsin ƙwaya da abin da yake so. Albasa, tafarnuwa, kabeji, gyaɗa, 'ya'yan itace da ɓawonsu idan ana cinsa. Shinkafa ko dankalin da aka dafa ya huce yana da sitacin da ke wucewa har babban hanji. Yogot marar sukari ma na sa shi cikin jerin.

Maganin antibayotik kuwa, kada ka sha sai likita ya rubuta, domin yana share na kirki tare da masu cutar.

Ba na ba da kuɗina ga kwalaben da ke alƙawarin narkar da teɓa da ƙwayoyin hanji. Ko dashen ƙwayoyin sirara da aka gwada a jikin mutane masu ƙiba bai sauke nauyi yadda ya yi tasiri a ɓeraye ba. Shi ya sa ban auna nasarata da sikeli a farko. Takarda na ajiye ina rubuta ƙarfe nawa na ci, ƙarfe nawa yunwa ta dawo. Ka yi haka mako huɗu ka kwatanta. Idan kana da ciwon sukari ko wata matsalar hanji, ka nuna wa likitanka takardar kafin ka ƙara yawan faiba.