Yadda za ka zaɓi zanen da ya dace da shafin intanet

Matasan Jos masu haɗa wa 'yan kasuwa shafi sun yawaita wannan tambaya. Ga matakan:

1. Tambayi mai shafin su wa ke sayen kayansa. Dillalin dankalin Turawa a Farin Gada daban, makarantar yara a Rayfield daban.

2. Zaɓi salo ɗaya tak: katun ga yara, zane marar hayaniya ga ofis, hoton gaske ga kayan sayarwa.

Hattara: a nan ake yawan kuskure. Kada ka cakuɗa katun da hoton gaske, shafin zai rikice.

3. Duba mutanen cikin zanen da kyau. Su yi kama da masu shiga shafin: hula, mayafi, atamfa, kwat. Jos gari ne na ƙabilu da addinai mabambanta, kowa ya ga kansa a ciki. Wannan matakin na fi damuwa da shi.

4. Ɗauki launi biyu ko uku daga tambarin kamfanin.

5. Ajiye zane a SVG, hoto a WebP (nau'o'in fayil ne marasa nauyi), kada ya cinye wa mutane data.

Hattara: hoton da ka tsinta a Google yana da mai shi. Nemi izini.

6. Buɗe shafin a ƙaramar waya.

7. Nuna wa kwastoman gaske, ka yi shiru ka saurara.