Kurakuran Maharba Wajen Nauyin Kibiya da Ƙarar Baka

Kuskuren da ya fi yawa shi ne neman gudu. Maharbi ya rage nauyin kibiya don ta yi sauri, bai san ya ƙara wa bakansa ƙara ba. Ƙarfin da kibiya mara nauyi ta kasa ɗauka a cikin baka yake zama, sai tsirkiya ta yi "tau", itace ya girgiza a hannu. In aka daɗe a haka, baka na iya tsagewa.

Gudun ma ba ya ceto. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kibiyar bakan gargajiya kuwa mita 50 zuwa 55. A nisan mita 20, ƙarar ta riga kibiya isa da kusan sulusin daƙiƙa. Wannan ya ishi barewa ta durƙusa don zabura, kibiya ta wuce ta saman bayanta, ko ta yi mata rauni ta gudu da shi, abin da ya fi muni.

Ma'aunin da maharban Amurka ke bi: nauyin kibiya ya zama giren 8 zuwa 10 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne, kusan 15 ke yin giram ɗaya) ga kowace laba (kusan rabin kilo) ta ƙarfin jan baka. Bakan laba 50 yana son kibiya mai giram 26 zuwa 32. Gara a karkata wajen 32. Maharbanmu na da sun samu sauƙi da kyauro mara nauyi saboda dafin kwankwani ne ke kisa. Inda ba dafi, sai kibiya ta nutse sosai.

Wasu kuma su zarce. Kibiya mai nauyin gaske shiru take, amma bayan mita 20 tana faɗuwa da sauri. Haka kuma ƙara nauyin kan kibiya yana sa sandar ta ƙara lanƙwasa lokacin saki. Ga mai harbi da hannun dama, sai ta riƙa sauka dama da inda aka nufa. A rage tsawonta kaɗan-kaɗan, ko a sauya mai ƙwari.

Kafin a zargi kibiya, a auna tazarar tsirkiya da mariƙin baka. In tazarar ta yi kaɗan, ƙara na yawa. A murɗa tsirkiya sau uku ko huɗu don tazarar ta ƙaru, a harba, a saurara. Sannan a ɗaura wa tsirkiya tufkar zaren ulu biyu don rage ƙara, kowace a kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon tsirkiya daga ƙarshenta.