Yadda ake kwatanta sabon fim da na asalinsa

Masana'antar fina-finan Indiya ta saba ɗauko tsohon labari ta sake ɗaukarsa, kuma duk sanda aka yi haka sai gardama ta kaure a majalisa, manya na cewa an ɓata, matasa na cewa an gyara. Ga hanyar auna su ba tare da son rai ba. Misalinmu shi ne Don, wanda Amitabh Bachchan ya fito a ciki a 1978, Shah Rukh Khan kuma ya maimaita a 2006. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan tona ƙarshen labarin.

Da farko, fara da tsohon. In ka fara da sabon, idonka zai saba da kyan hoto da faɗan zamani, tsohon ya zame maka abin dariya alhali ba laifinsa ba ne. Ka bar kwana ɗaya tsakani. Kuma in da hali ka nemi mai rubutu a ƙasa, domin a na fassara mai magana yakan cusa barkwancinsa, sai ka ƙare kana auna shi maimakon fim ɗin.

Na biyu, rubuta ƙashin labarin a layi uku. A nan: Don gawurtaccen mai laifi ne, babban ɗan sanda D'Silva ya samo Vijay, talaka mai kama da shi sak, ya tura shi cikin yaran Don a matsayin Don ɗin. Aka rasa D'Silva, ba wanda zai shaidi Vijay.

Na uku shi ne babban aikin: gano inda hanya ta rabu, ka tambayi kanka me canjin ya jawo. A na 1978, wanda Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta, Chandra Barot ya ba da umarni, Don ya mutu da gaske tun da wuri, Vijay ne ya sha wuya har ya wanke kansa. A na 2006, mai ba da umarni Farhan Akhtar, ɗan Javed ɗin, ya juya abin. Don ya yi musayar gado da Vijay a asibiti, ya hallaka shi, ashe tun can shi muke bi muna jin tausayi. D'Silva ma, wanda Boman Irani ya fito a matsayinsa, shi ne Vardhan, babban bos, alhali a tsohon Vardhan wani mai shigar jami'in Interpol ne, wato 'yan sandan ƙasa da ƙasa. Dabarar ta ƙayatar, amma a ganina ta jawo asara: labarin talaka mai riƙon yara biyu ya koma labarin mugun da ya fi kowa wayo.

Na huɗu, ware abin da zamani ya kawo. Jan littafin sirrin Don ya koma faifan kwamfuta, an bar Bombay an koma Malesiya. Kar ka ba sabon maki a kan waɗannan.

Na biyar, ɗauki fitowa ɗaya da ke cikin duka biyun ka kalle su a jere. Waƙar Khaike Paan Banaraswala ta dace. A tsohon, da muryar Kishore Kumar, Vijay ne ya manta da tsoro ya saki jiki yana rawar ƙauye, baki jawur da ganyen taunawa. A sabon, da ka san ƙarshe, Don ne ke kwaikwayon baƙauye, don haka ka lura da idon Shah Rukh ko akwai inda ya bar alama. Haka za ka yi wa Roma, jarumar labarin, tsakanin Zeenat Aman da Priyanka Chopra.

Daga nan sai hukunci, kowane fanni daban: labari, wasa, waƙa, ɗaukar hoto. Ni na ba tsohon labari da waƙa, na ba sabon hoto da ƙarshe mai girgiza, wasan jaruman biyu kuwa sai ka kalla ka raba da kanka.