Bikin ranar haihuwar 'yarki a Garwa, ba tare da kin ci bashi ba

Idan iyali suka yi ƙaura daga Kano ko Mubi ko Damagaram suka sauka Garwa, a arewacin Kamaru, wadda ta fi kowa jin jiki a gidan ita ce yarinyar nan 'yar shekara 11 ko 12, ko da ba ta buɗe baki ta faɗa ba. Ƙannenta kafin a ce me sun tsinci Fulatanci a ƙofar gida wajen wasan ƙasa. Babanta yana da kasuwa, yana da masallaci, ke kuma kina da waya da dangi. Ita fa? An kai ta ajin CM2 ko 6e, wato ajin ƙarshe na firamare ko na farko a sakandare, malami yana ta zuba Faransanci, in an fita tara ƙawaye su juya harshe zuwa Fulatanci, tana tsaye a gefe da Hausarta da ɗan Turancin da ta zo da shi. Kunyar 'yanmatanci ta fara shigarta, ba za ta kutsa kai cikin mutane kamar ƙaramin yaro ba.

Shi ya sa in ta zo tana murza 'yan yatsu ta ce, "Umma, 'yan ajinmu ana yi musu bikin ranar haihuwa," kada ki yi saurin korarta. Hanya take nema ta jawo yaran nan su shigo gidanku, su ga tsakar gidanta, su ci abincin uwarta. In kin riƙe wannan a ranki, lissafin kuɗin zai zo da sauƙi, don duk abin da ba zai sa yaran su saba da juna ba, kina iya soke shi.

Fara da maigida. Gidajen Hausawa sun sha bamban a kan wannan: wani bai ɗauke shi a bakin komai ba, wani ko sunan ba ya son ji. Kada ki yi wa yarinya alkawari kafin ku yi magana da babanta, kuma kada ki yi a ɓoye. In ransa bai kwanta ba, a bar kyandir da waƙa, a kira shi walima, a haɗa da wani abin murna na gaske, kamar ta kai wani izu a allo ko ta haye aji, a buɗe da addu'a. Yaran da za su zo ba su damu da sunan da aka sa wa taron ba.

Sai rana da lokaci, kuma a nan Garwa ba ta wasa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, tsakar gidan siminti ba ta takuwa da rana. Damina in ta kankama, musamman Agusta, hadarin yamma yana iya tashin taro cikin minti kaɗan. Lokacin da ya fi daɗi shi ne Disamba da Janairu, sai dai ƙurar hunturu, a rufe abinci. Ko wane wata ne, ki sa taron bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Awa biyu sun isa, kuma ba ki dogara da wutar lantarki ba, wadda takan yi wasan ɓuya a nan da rani. Asabar ta fi, amma ki tuna wasu yaran suna da Islamiyya, ƙawayenta Kiristoci kuma Lahadi da safe suna coci. Laraba ma tana yiwuwa, tunda makarantu da yawa suna tashi da wuri ranar. In ranar ta faɗo cikin azumi, a ɗaga zuwa bayan salla. In yarinyar tana CM2 kuma ranar ta zo gab da jarrabawar CEP ta kammala firamare da ta shiga 6e a ƙarshen shekarar karatu, ki jira a gama, don babu uwar da za ta sake miki 'yarta a makon. Waɗanda suka sauka Marwa, lissafin zafin ɗaya ne. Na Ngaundere, da yake kan tudu suke, sun huta da zafi, ruwan sama ne nasu abin lura.

Yara nawa? Takwas, in ya yi yawa goma. Na san zuciya za ta ce a gayyaci aji duka don kada a ce an ware wasu, amma ajin makarantar gwamnati a nan cike yake maƙil, kuma yarinyar da ba ta iya harshe ba in an tara mata mutum 40 za ta koma baƙuwa a bikinta. Ita za ta zaɓa. Katin gayyata kuwa kada ki kai wajen buga takardu. Ki ba ta farar takarda da fensir mai launi, ki ce ta nemi ƙawa ɗaya a aji ta taya ta rubutawa da Faransanci. Wannan ƙawar da ta taya ta rubutu ta riga ta zama 'yar gida tun kafin ranar. A rubuta lokaci yadda ake rubuta shi a nan, 16h maimakon ƙarfe huɗu, a sa sunan unguwa, Yelwa ce ko Rumde Ajiya ko Fulɓere, da wata alama da mai babur zai gane, masallaci ko kantin magani, sannan lambar wayarki. Iyaye mata za su kira, kuma ya kamata su kira. Ko gaisuwa biyu kika iya da Fulatanci, ki yi musu, sauran a ƙarasa da Hausa, da yawansu suna ji.

Yanzu kuɗi. Wadda ta zo daga Najeriya ta daina juya kowane farashi zuwa naira a ka, hawan jini kawai zai sa mata. Wadda ta zo daga Nijar kuma ta sani sefar can da ta nan darajarsu ɗaya amma takardun daban ne, ta nan ta bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya ce, mai tumatir ba za ta karɓi ta can ba. Ga wani tarko da ke kama 'yan Najeriya: in ana ciniki da harshen gida, 'yan kasuwa da yawa da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5. In aka ce miki ɗari, yana iya zama 500 ake nufi. Ki ce a nuna miki a waya ko a faɗa da Faransanci. Canji kuma wahala yake, kada ki tunkari mai gyaɗa da takardar 10,000, ki fasa ta tun a kantin fulawa da sukari.

Ki yanke abin da za ki iya kashewa, a ce sefa 15,000 ko 20,000, ki sa a ambulan, in ya ƙare ya ƙare. Fiye da rabi abinci da abin sha ne, sauran lalle da duwatsun ado, waɗanda su ne 'yar tsarabar da yara za su tafi da ita. Hayar wuri, mai kiɗa, mai hoto, rumfa, duk babu. Anko ma babu, kuma wannan ina faɗa da ƙarfi: ke baƙuwa ce, ba ki san halin da gidajen yaran nan suke ciki ba, ranar da kika ce a ɗinko atamfa iri ɗaya ranar kika rage baƙinki da rabi. In tana son a yi kama, a ce kowa ta sako wani abu mai launi ɗaya, ko ɗankwali ne.

Shiga babbar kasuwa karon farko ki tafi da maƙwabciya. Kowace unguwa tana da irin matar nan da ta san komai, wadda yara suke ce wa Dada ko Goggo. Ki je har ɗakinta ki zauna, ki ce, "Goggo, jikarki ce ta ƙara shekara, ni kuma ban san gari ba, na zo ki ɗora ni a hanya." Daga wannan maganar za ki samu aron tabarmi da kujeru da babbar kula, ta nuna miki gidan da ake sayar da ƙanƙara, wataƙila ma ta turo 'yarta budurwa ta kama miki aiki. Ba kyauta ba ne, ranar sunan gidanta za a ga ƙafarki, kuma haka ya dace.

Abinci kada ya wuce kala ɗaya mai nauyi. Dafa-dukan shinkafa ko taliya da ɗan soyayyen kifi, tunda kifin kogin Binuwai da na madatsar Lagdo yana shigowa kasuwa. In kina son abin da ya fi haka sauƙi, dogon burodin nan na Faransawa da ake samu a kowace kwana, a yanka shi uku, a cusa kifin gwangwani da albasa da dafaffen ƙwai, yaran nan sun saba da shi, ba za su bar ko ɓurɓushi ba. Abin sha, zoɓo, wanda a nan za ki ji ana ce masa folere, da lemun citta ko na tsamiya. Ki haɗa da tafasasshen ruwa ko na leda, ki ɗura a robobi tun dare, ki sayi ƙanƙara da safe ki lulluɓe kular da buhu. Lemun kwalba irin su Top a bar shi, kuɗin kwalabe goma ya yi miki zoɓon unguwa guda. In lokacin mangwaro ne kuwa, an gama magana.

Inda za ki burge shi ne kayan ƙwalamar gida. Cincin, gullisuwa, tuwon madara, kantun riɗi, dublan in kina da hannu. Wasu yaran sun san su, wasu, musamman 'ya'yan ma'aikatan da aka turo daga kudu, ba su taɓa ɗanɗanawa ba, kuma 'yarki ce za ta riƙa yi musu bayani.

Kek na kanti mai ado da kirim, wanda a nan ake ce wa gato, tsada gare shi, kuma zafin Garwa ba ya raga masa, kafin a yanka ya fara zubewa ta gefe. Ki yi naki. Ba sai da oben ba: ki samo yashi mai tsabta, ki zuba kamar kaurin yatsa biyu a gindin tsohuwar tukunya mai kauri, ki ɗora a gawayi ki rufe ya ɗau zafi. Ki wanke gwangwanayen madara da kika fafe bakinsu, ki shafe cikinsu da bota, ki barbaɗa fulawa, ki zuba kwaɓin zuwa rabi kawai don zai taso. Jera su kan yashin, rufe, ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfin. Wuta ta zama ƙasa-ƙasa, kuma ki daure kada ki yi ta buɗewa. In ƙamshi ya cika gida, soka tsinke a tsakiya, in ya fito a bushe ya yi. Kowace yarinya da nata ƙaramin kek, sai ki ajiye musu robar Tartina, wato cakulan na shafawa a burodi, da cokula da dakakkiyar gyaɗa, kowa ta yi wa nata ado. Wannan kaɗai zai cinye musu minti 20 ana dariya. Ki dai tambayi iyaye ko akwai wadda gyaɗa ba ta karɓe ta ba.

Wasanni su zama waɗanda ba sa buƙatar dogon bayani. Tsallen igiya, carafke, ludo, zagaya kujeru da kiɗa daga waya. Gaɗa tana da daɗi a irin wannan taro, don 'yarki za ta koya musu tata, su koya mata tasu, tafi kuwa ba shi da yare. Amma abin da ya fi zaunar da 'yanmatan wannan shekaru wuri ɗaya shi ne lalle da shirya duwatsu. Duwatsun ado da zaren roba ba su da tsada a kasuwa, ki juye su a faranti biyu a tsakiyar tabarma, kowa ta shirya abin hannunta ta tafi da shi, kin huta da sayen tsaraba. Lallen kuma ja za a yi, na ganye, a kwaɓa tun safe, a yanka salatif a manna a tafin hannu a yi zane, a shafe, a ɗaure da leda. Baƙin lallen da ake haɗawa da maganin rina gashi yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje, kada ki gwada shi a jikin 'yar mutane. Ja ɗin ma ki faɗa wa iyaye tun a waya, saboda wasu makarantun ba sa so. Kuma a ci abinci tukuna, wanda hannunsa ke cikin leda ba ya cin shinkafa.

Wata za ta ce a fita da su bakin kogi su sha iska. A'a. Binuwai tana da dorina, har kusa da gada ana ganinsu, ga yara goma ga ke kaɗai. In fita ake so, akwai gidan namun daji a cikin gari, ku je wata rana ke da ita da ƙawa ɗaya ko biyu.

Yaran unguwa da ba a gayyata ba za su zo, wannan babu makawa, da sun ji ƙamshi za ki ga kawuna a zaure. Kada a kore su da tsawa, gobe da su 'ya'yanki za su yi wasa. Ki tanadi babban tire na gugguru da alewa, ki sa wani yayansu ya raba musu a ƙofa. In gidan haya ne na tarayya, ki sanar da matan gidan tun kwana biyu kafin ranar, ki kuma aika wa kowane ɗaki ɗan kwano, har da na mai gidan.

Hoto a ɗauka, amma kada fuskar 'yar wani ta hau WhatsApp ko TikTok sai uwarta ta yarda. Akwai gidajen da wannan kaɗai ya isa su hana yarinya sake tako ƙofarki.

Da rana ta yi sanyi, tun kafin a kira salla, a fara sallama. Na kusa a haɗa su da babbar yarinya ta raka su har ƙofa. Na nesa kada ki tare kowane mai babur a titi ki ɗora, ki kira uwar ta turo wanda ta sani ko ta zo da kanta, in ta zo kuma ki shigo da ita ta zauna ko na minti biyar ne, ki ba ta zoɓo da ƙullin cincin na ƙanne. Ki ajiye lambobinsu a waya da sunan 'ya'yansu, bayan magariba ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ji kowa ta isa gida.